Yadda Ake Ƙunshe Agogon Hannu Kafin a Aika Shi ta Gidan Waya

Shekarun baya na aika tsohon agogon mahaifina daga Jos zuwa Kano don a duba shi. Otomatik ne mai sarƙar ƙarfe, irin wanda ba ya shan batir, motsin hannu ne abincinsa. Ciwonsa bai taka kara ya karya ba, latti kawai yake yi, minti biyu ko uku a rana. Na lalubo ɗan akwatin da aka sayo shi a ciki, na ɗaura shi a jikin ɗan filonsa, na rufe, na zura a ambulan mai ruwan ƙasa, na lafta salatif har sai da hannuna ya gaji. A ganina na gama komai.

Bayan kwana goma wata hidima ta kai ni Kano, sai na biya ta rumfar dattijon da na aika wa. Ya cire madubin da yake maƙalawa a ido, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, gyara ɗaya ka aiko, amma uku suka iso." Ashe filon ya saki a hanya, agogon ya yi ta yawo a cikin akwati. Makullin sarƙar ya kakkarce murfin baya, tsinken daƙiƙa ya fice daga mazauninsa ya ja zane a fuskar agogon. Dattijon ya mayar da agogon cikin akwatin, ya girgiza shi dab da kunnena, na ji ƙwas-ƙwas. Ya ce, "Ka ji ko? Duk ƙunshin da ya amsa maka haka bai shirya tafiya ba."

Na ce, "Baba, ai a hanya aka wulaƙanta shi." Ya yi murmushi kawai. Daga baya na gane babu wanda ya zalunce ni. Haka kaya suke tafiya: a jefa su cikin buhu, a ɗora wasu a kansu, mota ta faɗa rami da su, a sauke a sake lodi. Mai ɗaukar buhun bai san abin da ke ciki ba, kuma bai kamata ya sani ba. Saboda haka aikin mai ƙunshi biyu ne. Na farko, agogon ya zauna daram a ciki, ko yaya aka juya kwalin. Na biyu, bayan kwalin kada ya gaya wa kowa abin da ya ɗauko.

Abin da bugu yake yi wa agogo

Agogon wani, wato wanda ake murza wa maɓalli da hannu, da na otomatik suna da wata 'yar ƙafa a cikin injinsu mai kai da komo, sau shida ko takwas a daƙiƙa a yawancin agoguna na yanzu, wato sau 21,600 ko 28,800 a awa guda. Tana juyawa ne a kan wasu tsinaye biyu da kaurinsu bai wuce na gashin kai ba sosai, kuma wata siririyar waya naɗaɗɗiya ce ke dawo da ita duk sanda ta tafi. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya lanƙwasa tsinin ko ya harɗe wayar. Tun 1934 masu ƙira a Suwizalan suka fito da wata dabara mai suna Incabloc don rage wannan haɗari, sauran kamfanoni kuma suka yi irin nasu. Sai dai an yi ta ne don hannun da ya bugi ƙofa, ba don kwalin da ya faɗo daga bayan mota ba. Tsofaffin agoguna da yawa ma ba su da ita sam. Otomatik yana da ƙarin nauyi guda, wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo yana yi masa wani, shi ma bugu yana iya taɓa mazauninsa.

Agogon batir irin na kwatz (quartz), wanda kamfanin Seiko ya fara fitarwa kasuwa a 1969, ya fi juriya, domin abin da ke ƙidaya masa lokaci ɗan ƙanƙanin dutse ne mai karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. Amma shi ma yana da tsinkaye masu iya ficewa da gilashi mai iya fashewa. Idan ka cire irin su G-Shock, da Casio ya ƙera a 1983 da nufin ya jure faɗowa daga tsayin mita 10, kowane agogo ka ɗauke shi kamar ɗanyen ƙwai.

Gilashi ma iri-iri ne. Na roba, wanda ake gani a tsofaffin agoguna, yana saurin karcewa amma ba ya cika tarwatsewa. Na safaya, da ake sa wa masu tsada, da wuya ya karce, amma in ya sha bugu a gefe sai ya tarwatse, ɓarɓashinsa ya shiga cikin inji.

Akwai kuma maƙiyin da ba a gani, wato maganaɗisu. Idan ya kama siririyar wayar nan, zobbanta sai su manne da juna, agogo ya dinga gudu kamar ana korar sa. Don haka kada ka haɗa agogo a kwali ɗaya da sifika, ko abin sauraro na kunne, ko jakar da maganaɗisu ke rufe bakinta.

Tara shaida kafin ka taɓa kwali

Mafi yawan rigimar da ake yi a kan saƙon agogo a nan take farawa: mai aikawa ya ce lafiya lau ya bar hannunsa, mai karɓa ya ce a karce ya zo, babu mai hujja. Goge agogon da ƙyalle mai laushi, ka kai shi wuri mai haske, ka ɗauki hoton fuskarsa da bayansa da gefunansa biyu da makullinsa. In akwai tsohon tabo, ɗauke shi kusa-kusa, ka tura wa wanda za ka aika wa tun kafin kaya su tashi. Ɗauki ɗan bidiyo yana aiki, a gefen wayar da ke nuna kwanan wata.

Sannan ka rubuta lambarsa. Yawancin kamfanoni a murfin baya suke buga ta. Rolex kuwa, a tsofaffinsa lambar tana ɓoye a gefen ƙarfe shida, inda sarƙa ta haɗu da gidan agogon, a sababbinsa kuma tana jikin zoben da ke ƙarƙashin gilashi. Ranar da agogo ya ɓata, wannan lamba ce kaɗai za ta bambanta naka da dubban irinsa.

Rasit na asali ya zauna a wurinka, kwafi ya bi kaya. Idan agogon mai tsada ne kuma sayar da shi ka yi, katin garantinsa yana da daraja shi ma, don haka wasu 'yan kasuwa sukan aika shi daban, don kada a yi asarar biyu a lokaci guda.

Kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tanadi waɗannan tun ana gobe:

Ƙyalle mai laushi marar saki, irin na goge tabarau, ko yankin tsohuwar singileti wankakkiya.

Guntun soso, ko na katifa ne, in dai tsaftatacce ne kuma busasshe.

Ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗo kayan lantarki a ciki, wadda yara ke son fasawa.

Ƙaramar leda mai zif, da ɗan ƙunshin ƙwayoyin shanye danshi, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi.

Ƙaramin akwati mai tauri: gidan tabarau, ko robar abinci mai murfi, ko ƙaramin kwali.

Babban kwali mai kauri, irin mai gargada a tsakanin bangonsa, wanda bai taɓa jiƙewa ba.

Salatif mai faɗi na rufe kwali, kamar santimita 5.

Abubuwa uku kuma kada su taɓa jikin agogo. Salatif yana barin gam, yana kuma iya ɗaye fatar maɗauri ko ruwan gwal da ya tsufa. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne in ta ji zafi, tana kuma baƙanta azurfa. Auduga tana sakin zare ya shiga ƙarƙashin maɓalli da tsakanin sarƙa. Jarida tana da amfani, amma a wajen cike gurbi, nesa da agogon, domin tawadarta tana zuba.

Shirya agogon kansa

Duba maɓallin gefe, wanda ake murzawa a saita lokaci ko a yi wani. Danna shi ya koma ciki sosai. In irin mai ɗauri ne, kamar na agogon shiga ruwa, murza shi har ya kama. Wasu sukan jawo shi waje wai don batir ya huta a hanya. Kada ka yi. Tafiyar mako ɗaya ko biyu ba ta cin batirin kirki, amma maɓallin da ke waje ƙofa ce buɗe ga ƙura da danshi, kuma bugu kaɗan zai karya sandarsa.

Agogon wani ko otomatik ba sai ka cika masa wani ba. In ya tsaya a hanya babu laifi, mai karɓa zai tayar da shi. Idan yana da maɓallan auna gudu, tsayar da su ka mayar da tsinkayen kan sifili. Mai ƙararrawa, kashe ƙararrawar, domin kwalin da ke kuka da asuba a ɗakin ajiya yana jawo hankalin da ba ka so. Agogon zamani mai haɗuwa da waya kuwa, raba shi da wayarka, ka cire asusunka daga kansa, sannan ka kashe shi gaba ɗaya. Mutane da yawa sun sayi irin wannan agogo ya iso lafiya amma a kulle da sunan mai shi na farko.

Tabbatar a bushe yake. In ka wanke sarƙa, bar ta ta kwana tana shan iska, domin ruwa yana laɓewa a tsakanin gaɓoɓinta.

Naɗi

A nan ne na yi kuskure a karon farko, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Agogo mai sarƙar ƙarfe shi ne babban mai yi wa kansa illa. Sarƙa in ba ta da abin da ta runguma, sai makullinta ya kwanta a kan murfin baya, kowace girgiza ta zama karce. Yanki soso ka naɗe shi ya kai kaurin wuyan hannu, ka lulluɓe shi da ƙyalle, ka zura shi cikin sarƙar ka rufe makulli a kansa. So ake ya cika wurin har agogon ya kasa zamewa, amma ba har ya miƙar da sarƙar da ƙarfi ba. Gwada juya agogon da yatsa. In ya juya a kan soson, ƙara kauri.

Mai maɗaurin fata daban ne. Fata ba ta son a karya ta, musamman wadda ta sha zufa ta bushe. Ko dai ka ɗaura shi a kan soson a ramin da ya saba zama, ba tare da matsewa ba, ko ka shimfiɗa shi a miƙe a cikin dogon akwati kamar gidan tabarau. Ƙarfen bakin maɗaurin ka naɗe shi da ɗan ƙyalle daban.

Daga nan sai fuska. Ninka ƙyalle biyu ka rufe gilashin, sannan ka naɗe agogon gaba ɗaya da wani ƙyallen, ta yadda babu ƙarfen da ke leƙowa. Saka shi a leda mai zif tare da ƙunshin shanye danshi, ka matse iskar ciki ka rufe. Wannan leda ce kariyarsa daga ruwan damina da ƙurar hunturu. Ƙunshin shanye danshin yana da muhimmanci musamman ga fata, domin fata in aka rufe ta a leda da ɗan laima sai ta yi funfuna.

Sai leda mai ƙuraje. Naɗa ta sau biyu ko uku ta tsawo, ka sake sau biyu ta faɗi, don gefen da maɓalli yake ya samu kariya kamar fuska. Ƙurajen su kalli ciki. Kama bakinta da ɗan salatif kaɗan, ka ninke ƙarshensa ya zama kunne da za a ja. Dalili shi ne, in ka yi masa ɗaurin goro, mai karɓa zai ɗauko reza, kuma reza ba ta san inda leda ta ƙare maɗauri ya fara ba.

In agoguna da yawa ne, kowanne a yi masa nasa naɗin, a sa kwali a tsakaninsu. Biyu a leda ɗaya za su yi ta gogar juna har su isa.

Kwali cikin kwali

Saka naɗaɗɗen agogon a ƙaramin akwatin, ka cike duk wani gurbi da guntayen soso, har sai murfin ya ɗan matsa kafin ya rufu. Yanzu yi gwajin dattijon nan: kai shi kunne ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Ko motsi kaɗan ka ji, buɗe ka ƙara.

Akwatin kamfani, wanda aka sayo agogon a ciki, an yi shi ne don ado a kanti. Filonsa yana sakewa da tsufa, akwai kuma sarari tsakanin gilashi da murfi. In dole ne ya bi kaya, saboda mai saye yana son sa, hanya biyu ce. Ko ka ɗaura agogon a filon ka cike saman da gefunan da ƙyalle da soso, ko kuma, wanda ya fi, ka naɗe agogon daban, akwatin ma ka naɗe shi daban, su yi tafiya a kwali ɗaya kowa a ɗakinsa. Kada ka manna salatif ko takardar adireshi a jikin akwatin kamfani, domin a wurin masu tara agogo shi ma kuɗi ne.

Babban kwalin ya fi ƙaramin da aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, kamar faɗin yatsu uku, har da sama da ƙasa. Shimfiɗa soso ko cukurkuɗaɗɗiyar takarda a gindinsa, ka ajiye ƙaramin akwatin a tsakiya, ka cusa abin cike gurbi ta ko'ina har ya kasa matsawa. Hikimar ita ce, in kwalin ya faɗi ta kusurwa, bangonsa ya lotsa, abin cikon ya shanye sauran ƙarfin, abin da zai kai ga agogon ya zama kaɗan.

Ambulan, ko mai laushin ciki ce, ba ta dace da agogo ba. Ba ta hana dannewa, tana yagewa, kuma duk wanda ya taɓa ta ya san abin da ke ciki. Kwali ƙanƙane ainun shi ma matsala ne, yana saurin shigewa lungu ko aljihu. Babba fiye da kima kuma kuɗi zai ci, domin kamfanonin aika kaya ta jirgi sukan auna girma ban da nauyi. Lissafin da da yawansu ke bi shi ne tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 20 da 15 da 10 zai tashi kilo 0.6 ke nan.

Kafin ka rufe, jefa wata takarda ciki mai ɗauke da sunan mai karɓa da adireshinsa da lambar wayarsa, da naka. In ta waje ta goge ko ta ɗaye, wannan ce za ta cece ka. Sannan ka bi tsakiyar bakin kwalin da salatif, ka bi gefuna biyu, sama da ƙasa, har ba sauran kafa. Wasu sukan sa hannu da biro a kan mahaɗar salatif da kwali, don in an buɗe an sake rufewa a gane.

Idan sana'arka ce aika agogo, yi gwaji sau ɗaya da ɗanyen ƙwai a madadin agogon. Ƙunshe shi yadda aka bayyana, ka saki kwalin daga tsayin ƙugu, ta gindi da ta gefe da ta kusurwa. Abin da ka tarar a ciki zai gaya maka matsayin ƙunshinka.

Bayan kwali

Rubuta adireshi da manyan baƙaƙe, da biron da ruwa ba ya wankewa, ka rufe shi da farin salatif. Sa lambar wayar mai karɓa, domin a garuruwanmu da yawa waya ce adireshin gaskiya. In tsohon kwali ne, ɗaye duk wata tsohuwar takarda da lamba da ke jikinsa.

Kada ka rubuta "agogo" a bayan kwali, balle sunan kamfaninsa. In sunan shagonka yana da agogo ko gwal a ciki, yi amfani da sunanka kawai. Wannan ba zargin kowa ba ne. Kwali yana bi ta hannu da yawa, kuma taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. Rubuta cewa abin mai fashewa ne ba laifi, amma kada ka dogara da shi, buhu ba ya karatu.

Maganar batir

Yawancin agoguna masu tsinke suna amfani da ƙaramin batir mai sinadarin azurfa, kamar mai lamba SR626SW, kuma ba a cika samun matsala da shi ba. Masu nuna lamba da yawa kuwa na litiyam suke sha, irin su CR2016, haka ma agogon zamani da ake yi wa caji. Litiyam yana cikin kayan da ake sa wa ido a jirgin sama saboda yana iya kama wuta. Ƙa'idar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 take kuma da hedikwata a birnin Bern, ita ce batirin litiyam da ke cikin na'urarsa yana iya bin saƙon ƙetare, in gidan wayar ƙasar ya samu izinin karɓar irinsa, amma wanda ke zube shi kaɗai ba ya bi. Saboda haka bar batir a cikin agogo, kada ka jefa wani na kyauta a gefe, kuma ka gaya wa ma'aikacin irin wanda ke ciki in ya tambaya.

A gaban kanta

Tafi da salatif ɗinka, kada ka rufe babban kwalin tun daga gida, domin sau da yawa ma'aikaci zai nemi ganin abin da ke ciki kafin ya karɓa. Nuna masa, ka rufe a gabansa.

Agogo ba ya bin saƙon gama-gari. Nemi mai rajista, ko EMS, wato saƙon gaggawa na gidan waya, ko kamfanin da ke ba da lambar bin sawu kuma ba ya miƙa kaya sai an sa hannu. Lambar gidan waya ta saƙon ƙetare gurbi 13 ce: baƙaƙe biyu, alƙaluma tara, sai baƙaƙe biyu na ƙasar da aka aiko, NG ga Najeriya, NE ga Nijar. Ɗauki hoton rasit ɗin nan take, domin irin takardar da inji ke bugawa tana kodewa in ta ji zafi.

Yi tambaya biyu kafin ka biya. Kuna karɓar agogo? In ya ɓata ko ya lalace, nawa za ku biya? Kamfanoni da yawa suna sa agogo a sahun kayan ƙawa, suna iyakance abin da za su biya a kansa, kuma diyyar da ke zuwa da kuɗin aikawa kawai ba ta kai ko kusa da farashin agogon kirki. In darajarsa ta kai wadda asararta za ta hana ka barci, sayi inshora a kan cikakken kuɗinsa, ka karɓi shaidar a rubuce. In babu mai yarda ya ɗauki nauyinsa, to wannan agogon na hannu da hannu ne, jira amintacce mai tafiya.

Aika a farkon mako, kuma ka guji jajibirin Salla da sauran ranakun hutu, don kada kaya su kwana da yawa a ɗakin ajiya.

In zai tsallaka iyaka

A nan ɓoyo ya ƙare. A fom ɗin kwastan gaskiya ake faɗa. Gidan waya yana da fom biyu, CN22 na ƙananan kaya da darajarsu ba ta wuce SDR 300 ba, da CN23 na abin da ya fi haka. SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ma'aikacin zai gaya maka abin da ya kama a naira ko sefa. Rubuta abin da yake: agogon hannu, sabo ko na hannu, gidan ƙarfe ko na zinare, na batir ko otomatik. Lambar kwastan ta agogon hannu tana farawa da 9101 in gidansa na zinare ne ko wani ƙarfe mai daraja, da 9102 ga saura. In gyara za a yi masa a dawo da shi, rubuta haka. Amurka tana lissafa harajin agogo daki-daki, inji da gida da maɗauri da batir, don haka kamfanin aikawa zai iya ba ka wata takarda ka raba kuɗin.

Mai karɓa yana iya roƙon ka rage farashi a fom don haraji ya yi masa sauƙi. Kada ka yarda. In kayan suka ɓata, abin da ka rubuta shi za a duba, in kuma kwastan suka gano, suna iya riƙe kayan. Zinare da azurfa da duwatsu masu daraja, a ƙa'idar gidajen waya ta duniya, ba sa bin saƙon da ba shi da inshora sai inda dokokin ƙasashen biyu suka yarda. Jabun agogo mai ɗauke da sunan babban kamfani haramtacce ne a saƙon ƙetare, ana ƙwace shi. Maɗaurin fatar kada kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun daji, yana bukatar takardar izini. Mafi sauƙi ka cire shi, ka sa na fatar saniya ko na roba.

In ta tasha ce

Da yawanmu direba muke ba saƙo, ya fi sauri ya kuma fi araha. Ƙunshin bai canza ba, sai ma ƙarin kulawa, domin ƙaramin saƙo yakan ƙare a gaban mota yana shan rana ta gilashi, ko a but ƙarƙashin buhun hatsi. Bi ta wurin masu rubuta saƙo a tashar, ka karɓi lambar direba da ta motar, ka sanar da mai karɓa lokacin tashi don ya riga motar isa. Ka kuma sani cewa amana ce kawai ke riƙe da wannan hanya, babu inshora a bayanta. Ta dace da agogon yau da kullum, ba da na gado ba.

Ranar isowa

Tura wa mai karɓa hoton rufaffen kwalin da lambar bin sawu. Gaya masa ya duba kwalin kafin ya sa hannu. In ya ga huji, ko lotsawa, ko salatif wanda ba irin na hoton ba, ya sa a rubuta a takardar karɓa. Ya buɗe yana ɗaukar bidiyo ba tare da yankewa ba, ya gwada lambar agogon da wadda ka tura masa, kuma kada ya zubar da kwalin sai ya tabbata komai lafiya, domin masu biyan diyya sukan nemi ganin ƙunshin.

Agogon mahaifina ya yi mako uku a Kano kafin a samo madadin abin da ya lalace. Dattijon ne ya aiko mini da shi da kansa, a wani kwali marar ko rubutu ɗaya ban da sunana da lambar wayata. Kafin in yanka salatif na kai shi kunne na girgiza, shiru. A ciki na tarar da robar abinci cike da guntayen soso, agogon yana rungume da wani naɗaɗɗen ƙyalle, an ninke bakin salatif ɗin don in ja da yatsa. Ya tsaya a hanya, amma da na ɗaura shi na kaɗa hannu sau biyar ko shida sai tsinken daƙiƙa ya ɗauka. Karcen murfin bayan yana nan har yau, dattijon ya ce gogewa za ta cinye lambar da ke wurin, gara a bar shi.